A Tsince Mini Jajayen Ranaku

2 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Sarauniyar Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, karatu bai hana ki cin abinci a kan lokaci ba. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar Innarki da ke tashi in ta daɗe a tsaye, sai kuma kunnuwana da kika sani. Na hagu ya yi ritaya tun bara, na dama yana aikin rabin rana. Don haka ki daina wahalar da kanki da kirana a waya. Ranar da kika kira, abin da na ji kawai "Kawu" da "sai an jima". Innarki ta ce ƙarya nake, wai in an ce abinci ya sauka, daga bakin titi nake jiyowa.

Sabon shugaban makarantarmu ya tambaye ni me ya haɗa ni da ke, har jami'ar da ke can nesa ta zo ta ɗora mana kaya a kan rufi. Na ce kakata da kakar mahaifiyarki 'yan ɗaki ɗaya ne. Ya ce, "Malam, wannan zumuncin ai sai da taswira." Na ce ni malamin labarin ƙasa ne, taswira sana'ata ce. Na ƙara masa da cewa a ajina kika fara tambayar me ya hana gajimare faɗowa, yau ga shi kina neman digirin dakta a kan sama.

Kayanki suna nan yadda kika bar su a watan Satumba. Eriya tana kan rufin ɗakin kimiyya kamar kwano a kife. Na'urar tana cikin ɗan sito na bayan ofishin malamai, a kan kanta, tsakanin naɗaɗɗun taswirori da ƙwallon duniyar nan mai karyayyar ƙafa. Batir bai taɓa mutuwa ba. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa nake buɗe siton in duba allon na'urar. Kowace rana da ɗigonta a gefe, yawanci kore, wasu ja. Sai dai katin ajiyar ya kusa cika, allon ya nuna kashi tamanin cikin ɗari. Me zan yi?

Sannan ina da roƙo. 'Yan aji shida sun matsa mini da tambayar aikin kwanon da ke kan rufi, ni kuma ba na son in tsaya gaban yara ina kame-kame. Ki rubuto mini bayani da Hausar da zan iya ɗorawa a allo.

Innarki na gaishe ki.

Kawunki,
Malam

24 ga Afrilu

Kawu Malam,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarka, har na karanta wa abokiyar ɗakina zancen ritayar kunne, ta kusa ƙwarewa da shayi. Ina lafiya, sai rashin barci da ciwon wuya na zama gaban kwamfuta. A yi wa Inna sannu da gwiwa, kuma a daina barinta tana ɗaukar bokiti.

Ga bayanin yara. Can sama, nesa da inda jirage ke bi, kamar kilomita ɗari uku, akwai siririyar iska da hasken rana ke cika ta da cajin lantarki. Sunanta ayonosfiya. Duk siginar da tauraron ɗan'adam zai aiko ƙasa sai ta ratsa ta, ita kuma tana ɗan jinkirta siginar. Kwanon da ke kan rufinku wannan jinkirin yake aunawa. Ina da irinsa guda biyar a jere, daga arewa zuwa kudu, naku ne na tsakiya. In na haɗa awon biyar ɗin, kowanne ta kusurwarsa, sai kwamfuta ta fitar da hoton cikin iskar, kamar yadda na'urar asibiti ke ɗaukar hoton cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba.

A wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, bayan faɗuwar rana, wasu manyan kumfa kan taso a cikin iskar. In sigina ta bi ta cikinsu sai ta yi ta rawa, ta yanke, ta dawo. Lokacin ne taswirar waya ke nuna mutum a bayan gidan maƙwabcinsa, matuƙin jirgi kuma ya rasa abin dogaro. Jan ɗigo a allonka yana nufin siginar ta yayyanke a ranar.

Farfesan da ke duba aikina ya ce in hoton ya fita, babin ƙarshe na kundin digirina ya kammala. Hutun karatun da wurin aikina ya ba ni zai ƙare a ƙarshen Nuwamba, don haka a guje nake.

Maganar kati: ga filas, ɗan abin kwafar bayanan kwamfuta, na saka a cikin ambulan. Ƙarami ne, ba zai ɗauki duka ba. A tsince mini jajayen ranakun, a kwafa, a aiko, sannan a share katin don ya ci gaba da aiki. Yadda na nuna maka ne dai.

Zan tsaya nan, ana jirana a ɗakin gwaji.

'Yarka

19 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Innarki. Gwiwa ta yi sauƙi, amma ta ce in gaya miki bokitin ba ya ɗaukar kansa. Ki nemi matashi mai tauri saboda wuyan nan.

Aiki ya kammala! Ranar Asabar na shiga sito da tabarau da kujera, na bi ranakun ɗaya bayan ɗaya, tun daga Satumba. Jajaye hamsin da biyu na samu, na tsince su tas, ban bar ko ɗaya ba. Na ga hikimarki: wa zai ɗauki hoto mai kyau da sigina mai yayyankewa? Shekara talatin da ɗaya ina koya wa yara cewa aikin da ya ɓaci ba a miƙa shi, sai an fitar da mai tsabta.

Sai dai lissafinki ya ɗan kuskure, Dakta. Ko bayan na cire jajayen, ragowar ba su shiga filas ɗinki ba. Ban so in dame ki ba, na sayo na biyu. Ga su nan duka biyun a naɗe cikin auduga. Katin kuma na share shi fes, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari, yana ta aikinsa.

Da kin ga darasin da na yi da bayaninki! Na kawo farin bokiti da ruwa, na jefa murfin kwalba a ciki, na ce kowa ya leƙa. Sannan na sa rula na motsa ruwan, murfin ya kama rawa alhali bai gusa ba. Na ce, "To, haka tauraron ɗan'adam ke ganinku in sama ta rikice." Yara suka ƙara matsowa kan bokitin. Har malamin lissafi da ke wucewa ya tsaya a taga, ya ce, "Malam, yau kuma wanki ake koyarwa?" Yara tara sun ce kimiyyar sama za su karanta. Na ce su fara cin jarrabawar lissafi tukuna.

Ki rubuto mini da zarar hoton ya fita. Ina son in liƙa shi a ofishin malamai.

Kawunki mai alfahari da ke

11 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Saƙo ya iso yau. Na buɗe filas ɗin biyu sau huɗu, a kwamfuta uku. Duka kore ne.

Kawu, jajayen su ne aikina. Kumfan nake son in ɗauki hotonsu, kuma ba sa nan sai a ranakun da sigina ta yayyanke. Korayen ranaku sama ce lafiyayya, kowa yana da irinsu. Cewa na yi a tsince mini jajayen a aiko mini da su.

Na kira Inna ɗazu, na ce a cire katin nan take a sa sabo, a kai tsohon katin wurin mai gyaran kwamfuta ko zai iya dawo da abin da aka share. Na rubuto ne don ka gani da idonka. Bayan wannan kada a ƙara taɓa komai.

'Yarka

2 ga Yuli

'Yata,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Ina roƙon Allah ya sa ke ma haka.

Ranar da kika kira, Innarki ta same ni ina gyara takardun jarrabawa a tsakar gida. Ta sunkuyo kan kunnena na dama ta ce, "Ta ce jajayen take so!" Na ce ai na cire su. Ta ce, "Malam, so take, so! Ba ƙi ba!" Ban san lokacin da biro ya faɗi daga hannuna ba. Da silifas ɗin wanka na tafi makaranta.

Na cire katin, na sa sabo. Washegari na kai tsohon katin wurin mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar bene a layin masu sayar da waya. An ce duk garin babu kamarsa. Ya riƙe katin kwana shida. Da na koma sai ya jawo mini kujera, tun daga nan na san amsar. Ya ce, "Baba, ku da allo ne aikinku. In an goge allo aka bar shi, mai ido zai iya karanta inuwar rubutun. Amma wannan an goge shi, an sake rubutu a kansa kusan wata guda." Ya dawo da gutsattsarin kwana biyu, su ma ba sa buɗewa. Na ce ko akwai wanda ya fi shi a wani gari? Ya ce, "Akwai waɗanda suka fi ni iya ba da haƙuri."

Takardarki ta Afrilu na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Na kasa daurewa, na rubuta jimlar a allon ofishin malamai, ban faɗi dalili ba, na ce kowa ya gaya mini me ya fahimta. Malamar kimiyyar gida ta ce, "In aka ce in tsince wake, tsakuwar nake zubarwa." Malamin lissafi ya ce, "To in kika ce wa mai lemo ya tsince miki manya fa, zubar da su zai yi?" Ofis ya rabu biyu, har da buga tebur. Malamin Hausa ya gyara hula ya ce duka biyun daidai ne, sai an duba abin da ke gaba da abin da ke baya. Suka yi ta dariya, suna zaton wasa na kawo.

Ban gaya miki wannan don in wanke kaina ba. Abin da ke gaba da baya yana nan a takardarki. Kin ce filas ɗin ƙarami ne. Da na ga korayen sun ƙi shiga, nan ya kamata in tsaya in tambaya. Maimakon haka na je na sayo na biyu, har ina yi miki gyaran lissafi. Ni da kullum nake ce wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki biro.

Ki gaya mini gaskiya: sauran kwanonin huɗu ba za su isa ba?

Kawunki

9 ga Agusta

'Yata,

Ina gaishe ki, Innarki ma haka. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci. Ita lafiyarta lau. Ni ne dai likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya ba ni ƙwaya.

Mako biyar ke nan ina leƙa ɗakin masinja kowace safiya. Yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai don ya rage mini tafiya. Ban ga laifinki ba.

Na fahimci layin ƙarshe na takardarki, inda kika ce kada a ƙara taɓa komai. Na bi umarni. Na miƙa makullin sito ga shugaban makaranta. Ya ce, "Malam, ni me na sani a ciki?" Na ce ko ba ka san komai ba, ka fi wanda ya san rabi. Akwai tsaga a jikin ƙofar, ta nan nake leƙawa in ga ƙaramar fitilar na'urar tana ƙiftawa, sai in wuce aji. Ba na shiga.

In kina so a mayar da kayan wata makarantar, ko a ba wani malamin amanarsu, ki faɗa, ni zan nemo mutumin. Na rubuta wa Farfesanki takarda cewa laifin nawa ne ba naki ba, amma ban san ko aika ta zai taimake ki ko ya ƙara ɓata miki ba. Tana cikin aljihun rigata. Na yi tunanin duk wanda na sani a duniya, tsofaffin ɗalibaina da suka zama manya, likitoci da injiniyoyi har da alƙali. Babu wanda zan je wa in ce ya dawo mini da yammacin ranar sha bakwai ga Oktoban bara.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kawunki

28 ga Agusta

Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina kuma cin abinci, a gaya wa Inna. Maganar hawan jinin nan ta tsaya mini a rai. Don Allah a riƙa shan ƙwayar.

Ka yafe mini shirun. Takarda uku na rubuta na yaga. Ta farko fushi ne, ta biyu kuka, ta uku ƙarya ce, wai babu komai. Ba na son in aiko maka da ko ɗaya.

Kawu, katin nake nufi da kada a ƙara taɓa komai, tsohon katin, don kada a ƙara binne abin da ke ciki. Ba kai na kora ba. Wa nake da shi a can in ba kai ba? Ka ga na sake yi ke nan. Shekara huɗu ina rubutu da harshen wasu, ina auna kowace kalma sau goma saboda tsoron Farfesa. Da na zo rubuta wa kawuna da harshena sai na saki hannu. Da "a zaɓo" na rubuta, da yanzu ina ɗaure kundina. Takardar da ke aljihunka a yaga ta.

Ka tambaya ko huɗun za su isa. Na gwada. Hoton yana fita da rami a tsakiya, kuma ta tsakiyar nan kumfan ke bi. Kamar a ɗauki hoton ƙirji ne huhu bai fito ba. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, sannan ya ce, "Sama ba ta maimaita jarrabawa."

Ga abin da kwamitin da ke kula da digirina ya yanke. Wurin aikina sun ƙi ƙara mini hutu ko na mako ɗaya. Saura damina ɗaya ta kumfa kafin Nuwamba, wato Satumba da Oktoba. In kwanonku ya samo jajayen ranaku goma sha biyar, za su karɓi babin, zan kare kundina. In bai kai ba, za su ba ni digiri na biyu, irin wanda nake da shi tun kafin in zo, in tattara in koma.

Ba zan ɓoye maka ba. Ƙarfin rana yana hawa yana sauka ne a zagayen shekara goma sha ɗaya. Bara yana ƙololuwa, shi ya sa ka ga hamsin da biyu. Bana ya fara sauka. Zai iya ba mu sha biyar, zai iya ba mu biyar. Babu maɓallin da zan danna, kai ma babu.

A karɓo makullin. A duba batir, a goge eriya da busasshen ƙyalle. Ranar ɗaya ga Nuwamba a kwafe duka, kore da ja, kowace rana, kada a cire ko ɗaya. Na karanta jimlar nan sau biyar kafin in wuce.

'Yarka, Sarauniyar Tambaya

24 ga Oktoba

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye a ɗakin masinja, na kuma karanta wa Innarki a zaune. Ta ce, "Ku biyun nan, da baki kuka yi magana da tuni an gama." Na ce da wane kunnen? Ina shan ƙwaya. Gwiwarta ta tashi kwana biyu, yanzu ta lafa.

Na karɓo makullin tun ranar. Batir lafiya, eriya tana sheƙi. Na daɗe ban rubuto ba ne don ina jiran in sami adadin da zan rubuta da farin ciki.

Jajayen huɗu ne kawai. Biyu a ƙarshen Satumba, ɗaya ranar shida ga wata, ɗaya ranar sha uku. Ranar ta farko na fito daga sito ina kabbara, har shugaban makaranta ya leƙo ya ce ko haihuwa aka yi. Daga sha uku zuwa yau babu.

Na iya ba yaro shawara. In ya faɗi jarrabawa na san abin da zan ce masa: ka ƙara awa ɗaya, ka zauna a gaba, ka zo mu bi darasin tare. Duk rayuwata ban taɓa rasa abin da za a ƙara yi ba. Yanzu in an tashi makaranta sai in tsaya a filin ƙwallo in ɗaga kai. Sama wasai, babu abin da ido zai kama, kuma can cikinta ne ake yanke miki hukunci.

Ko addu'a ta gagare ni tsarawa. Maƙwabcinmu direban babbar mota jiya yake yaba mini taswirar wayarsa, wai kwanan nan ba ta ɓatar da shi ko sau ɗaya ba, har ƙofar siton da zai sauke kaya take kai shi. Na ce madalla. In na ɗaga hannu in roƙi sama ta rikice, sai in tuna akwai mai tuƙa jirgi cike da 'ya'yan mutane. Na tambayi Innarki me zan ce. Ta ce, "Ka ce Allah ya rikita daidai kan rufinku, ya bar wa kowa nasa." Na ce 'yarki ta ce kumfan faɗinsu ya fi gari goma. Ta ce, "To ka yi shiru, Shi ya san abin da kake nufi." Haka nake yi.

Saura kwana bakwai wata ya ƙare. Na iya lissafi daidai gwargwado, na san bakwai da huɗu ba su kai ba. Amma kin ce zuwa ɗaya ga Nuwamba, zan kai har ranar, in kwafe duka, kore da ja, in aiko. Ko kwamitin naku yana da wani mai tausayi da zai karɓi abin da ya samu, ke kika san su. In kuma dawowa ce, ki gaya mini ranar, ni zan je tasha in ɗauko miki akwati.

Kawunki,
Malam

Na bar ambulan a buɗe har safiyar yau don in duba allon kafin in liƙe. Ta jiya ma kore ce.